Me ya hana kumbon Parker narkewa a kusa da rana?

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda kumbon Parker da hukumar NASA ta Amurka ta harba a Agustan 2018 yake kusantar rana bai narke ba, da kuma amfaninsa.

Ka taɓa tsayawa bakin tanderun mai burodi? Zai zura hannu ya jawo faranti ya fito ba komai, amma ya tsoma yatsa a tafasasshen ruwa, wanda bai ma kai tanderun zafi ba, sai ihu. Haka sararin da ke kewaye da rana yake. Zafinsa ya haura digiri miliyan ɗaya, sai dai iskar wurin ba ta da kauri ko kaɗan, ƙwayoyin da ke taɓa kumbon ba su da yawa. Abin tsoron shi ne hasken ranar kai tsaye, shi kuma an tare shi da garkuwar kabon mai kaurin santimita 11 da ɗoriya, wadda ke jure kusan digiri 1,400. Na'urorin suna laɓe a inuwarta. Ranar 24 ga Disamba 2024 kumbon ya matsa har kilomita miliyan 6.1 daga rana, ya fito lafiya lau.

Amfani kuwa, an tura kumbon ne ya yi nazarin iska mai cajin lantarki da rana takan yi amanta, wadda ke rikita GPS da rediyon gajeren zango, irin wanda dattawanmu ke kama labaran safe da shi. A Maris 1989 irin wannan guguwa ta bar lardin Quebec na Kanada cikin duhu wajen awa 9.