Me ya sa kamarorina suke ɗaukewa da dare?

Tambaya: Malam, ina da shagon kayan gini a Garwa. Mai gyara ya haɗa mini kamarori biyar, wayoyin tebur biyu da na'urar wifi ɗaya, duk suna shan wuta ta kebul ɗin intanet daga suwici, wato akwatin da ke rarraba musu intanet da wuta, mai ramuka takwas, an rubuta wat 60 a jikinsa. Da rana lafiya lau, amma da magariba ta yi sai biyu su ɗauke, musamman ta bakin sito. Ko jabu aka sayar mini?

Amsa: Alhaji, ban zargi kamarorin ba tukuna. Wannan tsari na shan wuta ta kebul ɗin intanet, da ake kira PoE, yana da ƙa'idoji: na 2003, wato 802.3af, yana ba kowane rami wat 15.4, na 2009, 802.3at, ya kai 30, na 2018 kuma, 802.3bt, ya kai har 90. Sai dai abin da rami ɗaya zai iya bayarwa daban, abin da suwicin yake da shi gaba ɗaya daban, kuma wat 60 ɗin nan ita ce tukunyar da na'urori takwas suke ci daga ciki. Kamara da rana cinta kaɗan ne, amma da duhu ya shiga sai ta kunna ƙananan fitilunta na ganin dare, cin ya ƙaru. A ce kowace tana jan wat 9 a lokacin, biyar sun kwashe 45 ke nan; in aka ɗora wifi da wayoyi, tukunya ta ƙare, suwicin kuwa ba ya raba gardama, yanke wa wasu ramuka wuta yake yi. Ka sa a duba takardar kowace na'ura, a tara mafi yawan abin da take ja, sannan a sayi suwicin da ya zarce jimlar da rata mai kyau, ko a ba wifi ɗin nata kan wuta daban.

Ta bakin sito ita ta fi damuna, domin nisa da kebul nake zargi. Iyakar kebul mita 100 ce, kuma da yawa daga cikin masu arha da ke kasuwa alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, wanda yake cinye wuta a hanya kafin ta isa. Gwajinsa ba wuya: a fere ƙwayar waya ɗaya daga cikin kebul ɗin, a kankare ta da wuƙa, in fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, to an yi maka sakiyar da ba ruwa. A canja da kebul nau'in Cat5e ko Cat6 na jan ƙarfe zalla. Kada kuma a shimfiɗa shi a jikin kwanon rufi, don zafin Maris da Afrilu a Garwa yana haura digiri 40, kuma kebul in ya ɗau zafi asarar wuta a cikinsa ƙaruwa take yi.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba: wasu na'urorin wifi na nesa, irin wasu samfuran Ubiquiti da MikroTik, bolt 24 suke sha ta kan wutarsu, alhali PoE na ƙa'ida tsakanin bolt 44 da 57 yake, saboda haka a karanta jikin na'ura kafin a soka. Tunda duk kayan daga suwici ɗaya suke sha, na'urar ajiyar wuta mai batir guda ɗaya ta ishe su in an ɗauke wuta, muddin an haɗa akwatin naɗar hoto a kanta. Kafin damina kuma, kebul ɗin da ya bi ta waje zuwa sito a sa masa abin kariyar tsawa, a haɗa shi da ƙasa.