Direban da ya matse ka, sau da yawa bai ma san ya yi ba

Assalamu alaikum. Ƙanina, na karanta tambayarka. Ka ce wata biyu ke nan da ka fara zuwa wurin aiki a kan keke, kuma da wuya gari ya waye ya faɗi ba tare da wata mota ta wuce ka har ka ji iskarta a gwiwar hannunka ba. Kana so ka san ko da gangan direbobi suke yi, kuma ko maganin abin shi ne ka ƙara lafewa a bakin kwalta. Na ga wasu sun ce ka sayar da keken ka huta. Ni ba zan ce maka haka ba. Na fi shekara goma sha biyar ina taka feda a kan titi, kuma ina tuƙa mota, saboda haka na zauna a kujerar kowane ɓangare.

Bari in fara da ta biyun, don ita ce ta fi gaggawa. Kada ka ƙara lafewa. Ni ma da haka na fara, ina bin ɗan siririn wurin nan da ke tsakanin farin layi da bakin kwalta, inda yashi da tsakuwa da fasassun kwalabe suke taruwa, ina ganin ladabi nake yi wa masu mota. Ashe gayyatarsu nake yi. Direban da ya hango ka manne da gefe, abin da idonsa ke gaya masa shi ne hanya a buɗe take, ba sai ya taɓa birki ba, ba sai ya murɗa sitiyari ba. Sai ya ratsa tsakaninka da motar da ke tahowa daga gaba, a gudun da yake kai. Kai kuma ba ka bar wa kanka ko taƙi ɗaya na kaucewa ba. In rami ya ɓullo a gabanka a daidai wannan lokacin, ina za ka?

Yi lissafin da kanka. Faɗin layi ɗaya na titi yawanci mita 3 ne zuwa 3.5. Ƙaramar mota tana cin kusan mita 1.8, ban da madubai. Kan kekenka ya haura rabin mita. Ka ce ka bar rabin mita tsakaninka da bakin titi, sannan direba ya bar maka mita ɗaya da rabi. In ka tara, ka wuce mita 4. Ma'ana, a mafi yawan tituna babu yadda za a yi mota ta wuce ka cikin mutunci ba tare da tayarta ta tsallaka layin tsakiya ba. Duk wanda ya wuce ka yana zaune daram cikin layinku ɗaya, to ya matse ka, ko ya sani ko bai sani ba. In babbar mota ce, mai faɗin mita biyu da rabi, ai maganar ma ba ta taso ba.

Wannan mita ɗaya da rabi ba ni na ƙirƙiro shi ba. A Birtaniya, tun gyaran da aka yi wa ƙa'idojin hanya a watan Janairun 2022, an rubuta cewa direba ya bar aƙalla mita 1.5 in zai wuce mai keke a gudun da bai haura mil 30 a awa ba, wato kusan kilomita 48, in gudun ya fi haka ya ƙara tazara. A Jamus tun 2020 doka ta ce mita 1.5 a cikin gari, mita 2 a wajen gari. Faransa mita 1 a gari, 1.5 a waje. Jihohin Amurka da dama suna da dokar barin tazarar ƙafa uku, wato kusan mita ɗaya, jihar Wiskonsin ce ta fara a 1973. Kuma waɗancan ƙa'idojin na Birtaniya har shawara suka ba mai keke ya shiga tsakiyar layi a titunan da motoci ba su da yawa, da lokacin da motoci ke tafiya a hankali, da in an doshi mahaɗa. Ka ga ke nan ba rashin kunya ba ne.

To, da gangan suke yi? Kaɗan daga cikinsu, e. Akwai wanda ka ɓata masa daƙiƙa biyar, sai ya ga lalle sai ya koya maka hankali: ya danna hon, ya shafo ka, ya dawo gabanka da sauri kamar zai yanke maka tayar gaba. Irin wannan za ka gane shi tun daga ƙarar injinsa. Amma a cikin goma da suka matse ni, ban ce ko biyu suna da wannan mugun nufin ba. Sauran kuwa matsalarsu ɗaya ce: sun yanke shawarar wucewa tun kafin su duba ko da wurin wucewar. Da zarar direba ya hango keke, wani abu a ransa yana ce masa "wannan ba a zama a bayansa". Sai ya fito, sannan ya ga mota tana tahowa, ko ya ga kwana, ko tsibirin tsakiyar titi. Yanzu zaɓi biyu ne gare shi, ya yi karo da ƙarfe ko ya matso wajen nama. Kowa ya san wanda zai zaɓa.

Na san haka ne domin ni ma na taɓa yi. Wata safiya na makara, ina tuƙi, ga wani dattijo a kan keke ya ɗaure kaya a baya yana tafe yana ɗan rangaji. Na fito zan wuce shi, sai ga bas ta ɓullo. Maimakon in taka birki in koma bayansa, sai ƙafata ta ƙara danna totur, na dawo hannuna da wuri. A madubi na ga ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa, kekensa ya karkace, yana bin motata da kallo. Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba, kallo kawai. Ni da nake zagin masu yi min haka. A cikin mota ban ji komai ba, gilas a rufe, rediyo na magana. Abin da ya kusa kayar da bawan Allah, a wurina ko girgiza babu. Kuma mita ɗari biyu a gaba danja ta tsayar da ni, ya zo ya wuce ni a hankali. Kunyar ranar har yau ban manta da ita ba.

Daga baya na zauna na auna abin da na tsere wa. Keke yana tafiyar kilomita 20 a awa, mota tana 50. In direba ya haƙura ya bi bayan keken na daƙiƙa 10, nisan da suka ci a wannan lokacin, da a gudunsa na 50 yake, zai ci shi a daƙiƙa 4. Asararsa daƙiƙa 6 ke nan. A kan wannan ake sa ran mutum a faifai.

Akwai wani malami, Ian Walker, wanda a 2006, lokacin yana jami'ar Bath a Ingila, ya ɗaura wa kekensa na'urar auna tazara, ya yi ta yawo har motoci kusan 2,500 suka wuce shi. Abin da ya samu ya dace da abin da jikina ya daɗe da sani: ƙananan motoci sun bar masa kimanin mita 1.33, manyan motocin kaya sun fi su matsowa da santimita 19, bas-bas kuma da santimita 23. Wato wanda ya fi haɗari shi ya fi kusantowa. Ya kuma ga cewa in ya sa hular kwano ana ƙara matso shi da kusan santimita 8.5, in ya sa dogon gashin kanti don a zaci mace ce sai a ƙara masa tazara kusan santimita 14. Maganar hular an yi ta jayayya a kanta daga baya, kuma kada ka ji wannan ka ajiye taka, ni kullum da tawa nake fita. Abin da na ɗauka a ciki shi ne direba yana kallonka yana yanke hukunci cikin ƙiftawar ido: wannan gwani ne ba zai goce ba, wancan sai an yi hattara. Kuma don in yi maka adalci, binciken ya nuna cewa in ya ƙara shigowa cikin titi, tazarar da ake bar masa raguwa take yi. Saboda haka shigowa ciki ba laya ba ce. Amfaninta biyu: tana hana a kutsa ta inda babu wuri, kuma tana bar maka fili a gefenka da za ka faɗa in an matso.

Babbar mota kuwa, ita daban ce, ka ba ta girmanta. Ranar da tirela ta fara wuce ni a guje, iskar gabanta ta fara hankaɗa ni waje, ina ƙoƙarin daidaita kan keken sai kuma na ji ana jawo ni ciki, wajen tayoyin baya. Ga ta da tsawo, ka ga kai ya wuce ka ce shi ke nan, ashe saura bodi, taya bayan taya suna wucewa daidai kafaɗarka. Direban yakan fara komawa hannunsa da zarar kan motar ya wuce ka, ya manta cewa kai ma tafiya kake yi, ba turke ba ne. In ka ji irinta a bayanka, riƙe kan keke da hannu biyu, sassauta gwiwar hannu, daina taka feda ka bar ta ta wuce da sauri. Abin da ba na yi ko da wasa shi ne in kutsa ta gefenta a mahaɗa ko a danja. Akwai wuraren da direbanta ba ya ganinka ko a wane madubi, kuma in za ta sha kwana tayoyin bayanta suna yanko ciki fiye da na gaba. Nan ne ake mutuwa, ba a miƙaƙƙen titi kaɗai ba.

Ƙananan motoci ma suna da irin wannan halin a mahaɗa: ya wuce ka, bai gama wucewa ba ya kunna sigina ya karya ta gabanka. Shi ya sa in na doshi inda hanya ta rabu nake waiwayawa, in miƙa hannu, in shiga tsakiyar layi tun da sauran nisa, har in wuce wurin sannan in koma gefe.

Waiwayen nan kada ka raina shi. A cikin duk dabarun da na koya babu wadda ta kai shi aiki. Mai keken da aka gani ta ƙeya kaya ne a kan hanya, wanda ya juyo da fuska kuwa mutum ne. Sau da yawa ina jin mota ta taho da zafi, in juya in kalli gilashinta, sai in ji injin ya lafa. Ka koyi yin sa ba tare da keken ya bi kanka ba, ka samu fili ka yi ta gwadawa har hannunka ya daina karkacewa. Kuma ka riƙe layi ɗaya. Masu shiga tsakanin motocin da aka ajiye su fito, su sake shiga su sake fitowa, su ne ke ba direba mamaki, kuma direban da aka ba mamaki ba ya da lokacin yin kirki. Motocin da ke ajiye ka bar musu faɗin ƙofa, kamar mita ɗaya. An taɓa buɗe min ƙofa a fuska, Allah ya taƙaita ina tafe a hankali, kafaɗa ce kawai ta sha, amma na yi mako biyu ban iya ɗaga hannu sama ba. Mutanen Holan suna da dabarar buɗe ƙofa da hannun da ke nesa da ita, don jiki ya juya dole mutum ya ga abin da ke tahowa. Ni yanzu haka nake buɗe tawa.

In ka tare layi a wuri matsattse kuma ka ga motoci sun taru a bayanka, da zarar hanya ta buɗe ka koma gefe, ka ɗaga wa na farkon hannu. Kyauta ce, kuma gobe in ya ga wani mai keken zai tuna. Wanda ya matse ka da gangan kuma, kada ka bi shi, kada ka buga masa bodi. Na yi wannan a ƙuruciya, ban taɓa ganin direban da aka daka wa tsawa ta taga ya ce "ka yi gaskiya" ba. Wanda na tarar a danja na ƙwanƙwasa masa gilas a hankali na ce "Malam, ka kusa taɓa ni fa", shi ne ya dafe ƙirji ya ce wallahi bai lura ba, kuma na yarda da shi.

Da dare ka sa fitila fara a gaba, ja a baya, ko da titin yana da haske. Sannan ka duba hanyar da kake bi zuwa aikin. Ni tawa na canza ta, na bar babban titi na koma bin wata da ta fi nisa da kusan minti bakwai, motocin da ke wuce ni a rana suka ragu ƙwarai. Faɗa min irin titin da kake bi, layi nawa ne, da ƙarfe nawa kake fita, da kuma ko manyan motoci suna binsa, sai in gaya maka inda ni zan tsaya a cikinsa in da ni ne.