Amsa ga mai tambaya a kan littattafan girki masu hotunan taron ƙawaye

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin yi tambaya a kan littattafan girkin nan na ƙasashen waje masu manyan hotuna, waɗanda ake nuna ƙawaye sun kewaye tebur a lambu da abinci kala biyu ko uku a gabansu, kina son sanin ko sun cancanci kuɗin da ake sa musu, kuma ko za su amfani mai zama a Jos. Ina da guda uku, biyu na saya a Abuja, ɗaya ƙanwata ta kawo mini tsaraba daga Ingila, kuma na shekara bakwai ina aiki da su a taron adashinmu na wata-wata.

Babban abin da na ƙaru da shi ba ya cikin jerin kayan haɗi. Kafin in same su, duk ranar da zagaye ya zo kaina sai in tashi tun asuba in ɗora tukunya biyar ko shida: shinkafa da miya, waina, farfesu, soyayyar kaza, ga zoɓo da kunun aya. Ƙawayena su zo su ci, su yi hira, su tafi, ni kuwa ban zauna da su na minti goma ba, domin ina can tsakanin murhu da wanke-wanke. Wata rana babbar cikinmu, wadda muke kira Yaya, ta riƙo hannuna a bakin ƙofa ta ce, "Wurinki muka zo, amma tukwanenki muka gani." Maganar ta tsaya mini a rai. Littattafan nan kuwa an gina su ne a kan tunani guda, wato a dafa abu ɗaya mai kyau da yawa, a gama shi kafin baƙi su iso, a ajiye a tsakiya kowa ya ɗiba, mai gida ita ma ta zauna. Mu da muka gaji cin abinci a faranti ɗaya, kuma muka san shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, bai kamata a ce littafi ne ya tuna mana ba, amma gasar fita kunya ta sa da yawanmu mun manta.

Idan za ki bi girkin da ke ciki, sai kin fara gyara ma'auni. Kofin da littattafan Amurka ke nufi yana ɗaukar kimanin mililita 240, wato ya kusa gwangwanin madara ɗaya da rabi, babban cokali kuma mililita 15 ne. In kin ga an rubuta zafin tanda 350, ma'aunin Faranhait ake nufi, daidai da kusan 180 a tandar da muke da ita. Akwai kuma abin da ya shafi garinmu: Jos tana kan tudu mai tsayin mita 1,200 da ɗoriya, ruwa yana tafasa a wajen digiri 96, don haka wake da nama sukan ɗauki lokaci fiye da abin da aka rubuta, kek kuma yakan yi saurin tashi sannan ya faɗa a tsakiya. Sau biyu ina asarar fulawa da ƙwai kafin na gane cewa sai an ɗan rage bakin hoda.

Ta fuskar kayan haɗi kuwa mun fi mutanen garuruwa da dama sa'a. Kusan duk ganyen da za ki gani a hotunan yana nan a kasuwar Farin Gada: latas, kabeji, karas, koren wake, kokwamba, har da fasli da na'ana'a. Dankalin turawan da suke gasawa da tafarnuwa shi ne ake noma mana a Bokkos da Mangu, sitiroberi kuma ana samunsa a wajen Vom. Inda aka ce kuskus ni acca nake sawa, bayan na rege ta sosai saboda yashi na turara a madambaci, kuma a bakina ta fi kuskus daɗi nesa ba kusa ba. Kindirmo yana maye gurbin yogot ɗinsu, man gyaɗa mai kyau yana isar miki a yawancin wuraren da aka ce man zaitun. Ki kuma sani cewa wasu girke-girken suna ɗauke da giya ko naman alade. Ni nakan tsallake su, ko in sa romo da ɗan lemon tsami a madadin giyar.

Yawancin littattafan an tsara su ne bisa lokutan shekara na Turai, saboda haka ki ɗauki dabarar ki ɗora a kan namu. Da hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, lokacin da sanyin Jos ke hana zaman tsakar gida, babu abin da ya kai mana gwaten acca da yakuwa da alayyahu da gauta, tukunya guda ta ciyar da mutum goma sha biyu. Da damina, in sabon dankali ya shigo ya yi araha, faten dankali muke yi.

Shawarata ita ce kada ki sayi uku kamar yadda na yi. Ki sayi ɗaya, bayan kin buɗe shi a kanti kin ƙirga girki goma da za ki iya samun kayansu a nan ba tare da kin aika Abuja ba. Sannan ki sayi littafin rubutu mai kauri ki ajiye a kicin. A nawa nake rubuta duk abin da muka ci a taro, da ma'auninsa na gwangwani da mudu, da adadin waɗanda suka ci, da sunan wadda ta koya mini. Dambun zogalen mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, yana shafi na farko, kuma shi zan yi ranar Asabar mai zuwa da zagaye ya sake zuwa kaina.