'Yata ta iya kwafe, amma ta kasa rubuta nata

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Yata tana aji huɗu na firamare a nan Rigasa. Hannunta da kyau, littattafanta cike, amma in na ce ta rubuta mini layi biyar kan abin da ta yi yau, sai ta zauna tana cizon biro. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da ya cika littattafan nan kwafe ne daga allo. Kwafe yana gyara hannu, amma ba ya koya wa yaro haɗa jimla. Inda aji ya cika maƙil, malami ba ya iya duba insha'in kowa, sai ya rubuta a allo ya ce a kwafa. Haka yarinya za ta shekara huɗu ba a taɓa tambayarta abin da ke ranta ba. Wannan yana ci mini rai, don yaran da basirarsu.

Ki fara da baki. Tambaye ta me ta gani da kuka je Kasuwar Bacci, ko yadda jirgin Abuja ke shigowa tashar Rigasa. In ta faɗi jimla ɗaya, ki ce, "To, rubuta ta yadda kika faɗa." Jimla uku a rana sun isa. Kuma da Hausa za ta fara. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a soma karatun firamare da harshen uwa ko na yankin, kuma dalilin a fili yake: wanda ke neman kalma da tunani a lokaci guda, duka biyun za su kuɓuce masa. In ta saba tsara zance da Hausa, Turancin zai zo da sauƙi.

Wajen gyara ne iyaye da malamai muke ɓata aiki. Kada ki cika shafin da jan biro. Ta karanta miki da ƙarfi tukuna, za ki ga da kanta tana gano inda ta tsallake kalma. Sannan ki ɗauki abu guda a mako: wannan makon aya da babban baƙi, na gaba ƙugiya, har ta bambance kasa da ƙasa, dari da ɗari.

Shifta sau biyu a mako tana taimakawa. Ranar kasuwa kuwa, ita za ta rubuta miki jerin cefane.