Za a iya soke jarrabawar ƙarin girma don baƙaƙe ba su ci ba?

Tambaya: Malam, ina aikin gwamnati a wata jiha a Amurka. Muna shirin zaman jarrabawar ƙarin girma, sai wani abokin aiki ya ce in sakamako ya fito babu baƙar fata a sama, dole hukuma ta soke. Haka doka ta ce?

Amsa: Ɗan'uwa, abokin naka ya tsinci maganar ne a tsakiya. Tun 2009 soke sakamako ya zama abu mai wuya, kuma 'yan kwana-kwana ne sanadi.

A ƙarshen 2003 birnin New Haven na jihar Connecticut ya yi wa ma'aikatan kashe gobara 118 jarrabawar hawa muƙaman laftanan da kyaftin, kashi 60 a rubuce, 40 ta baki. A ta laftanan Turawa 25 cikin 43 suka ci, baƙaƙe kuwa 6 cikin 19. Mutum goman farko, waɗanda daga cikinsu za a cike gurabe takwas, duk Turawa ne. Hukumar birnin ta ji tsoron ƙara, ta jingine sakamakon, ba wanda aka ɗaga.

Tsoron yana da tushe. Babi na 7 na Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964 ya hana wariya a wurin aiki, kuma a shari'ar Griggs ta 1971 Kotun Ƙoli ta ce ko babu mugun nufi, jarrabawar da take tace mutanen wani launin fata haramun ce, sai in an nuna aikin kansa take aunawa. Ma'aunin da aka saba shi ne huɗu cikin biyar: in yawan cin wani rukuni bai kai kashi 80 na rukunin da ya fi ci ba, akwai alamar tambaya. Na New Haven bai kai ba, ko kusa.

Sai wasu daga cikin waɗanda suka ci suka garzaya kotu. Jagoransu Frank Ricci yana da lalurar da ke sa karatu ya yi masa wuya, har ya biya wani ya karanta masa littattafan a kaset yana saurare, ya kashe sama da dala 1,000. Ranar 29 ga Yuni 2009 Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Mai shari'a Kennedy ya rubuta cewa watsar da sakamako saboda launin waɗanda suka ci shi ma wariya ce, sai dai in hukuma tana da ƙwaƙƙwarar hujja cewa jarrabawar kanta ba za ta tsira a kotu ba. Alƙaluma kaɗai ba sa isa.

Ni dai na ga ƙarfin maganar Mai shari'a Ginsburg, wadda ta saɓa. Kashe gobara ba haddar littafi ba ce, kuma ta nuna cewa birnin Bridgeport da ke kusa ya fi ba wa ta baki nauyi, ya kuma samu shugabanni masu launin fata daban-daban. Rabon 60 da 40 ɗin nan daga yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ya fito, ba daga nazarin aikin ba. To amma rinjaye shi ne doka.

Kada kuma ka auna da tsarin raba daidai na Najeriya. A Amurka Dokar 'Yancin Jama'a ta 1991 ta hana ƙara wa kowa maki saboda launinsa.

Saboda haka yanzu ne lokacinku, tun ba a raba takarda ba. Ku tambayi ƙungiyarku wa ya tsara jarrabawar, da wace hujja aka raba makin, kuma ko kowa ya samu littattafan a kan kari. In sakamako ya fito kana ganin an tauye ka, kwana 180 gare ka ka kai koke ga EEOC, hukumar tarayya mai kula da koken wariya a wurin aiki, a jihohi da dama 300. Ka ga lauyan ƙwadago na jiharka tun wa'adin bai cika ba.