Ni ma na matse kaina, ƙarshe wata ta kwashe

'Yar uwa mai tambayar nawa za ki ci, nawa za ki ajiye cikin albashinki, wallahi kamar labarina kika rubuto. Shekara biyu na yi ina tsuke bakin jaka. Sallah ta zo ta wuce ban ɗinka ko atamfa ba, yara su ce tsire in ce sai wata ya yi. Rabin albashina adashi yake tafiya. Saura zubi ɗaya in ɗauka, uwar adashin ta kwashe kayanta cikin dare. Matar da muke zama tabarma ɗaya a Islamiyya fa! Na je na tarar da kwaɗo a ƙofa, na zauna bakin dakali ina kuka kamar an aiko mini da mutuwa, maƙwabta na leƙe. Har yau in na hango mai irin hijabinta sai gabana ya faɗi. Na bar ta da Allah, amma ban yafe ba. Tsiren da na hana yaran nan shi ke tsaya mini a rai.

Wannan 50/30/20 da ake ta turowa daga Amurka ya fito, Elizabeth Warren da 'yarta suka yaɗa shi a 2005: rabin albashi larura, kashi talatin cikin ɗari sha'awa, ashirin ajiya. Su ba su san anko da gudunmawar suna ba, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 rabin albashi ba ya riƙe gida. Ni duk naira goma, bakwai gida, biyu ajiya, ɗaya tawa. Biyun nan ki cire su ranar da alat ya shigo, kafin a ji labari. Ɗayar kuwa ki cinye ta, ko balangu ko turare, kada ki ji kunyar kowa.

Ai rabon nan mu ma muna da shi. Ki tuna mai gonar da aka umarci girgije ya shayar da ita, a Sahihu Muslim: kashi ɗaya sadaka, ɗaya shi da iyalinsa, ɗaya ya mayar gona.

Kuma kar ki jibge kuɗin takarda, naira narkewa take. Ni da kaka nake sayen masara, bara na ƙara da tunkiya. Adashi dai ko da yayata ce uwar, ban ƙara shiga ba.