Kashi 90 ɗin da ake yi maka ƙorafi a kai

Ka ce yaran da ka ba wasan kwamfutar da kake haɗawa su gwada sun dawo da kuka ɗaya: allo ya nuna harbin zai samu da kashi 90 cikin 100, sai ya kuskure, suka ce kwamfuta cuta take yi. Yanzu kana tambaya ko ka cire sa'a daga wasan gaba ɗaya. To ƙanena, dakata tukuna, kar ka taɓa komai.

Lissafinka bai yi ƙarya ba. Kashi 90 na nufin a kowane harbi 10, ɗaya zai iya tafiya iska. Amma wasan da ake yi bi da bi ba irin na gudu da tsalle ba ne. Mutum zai ɗauki minti biyu yana auna motsi guda, ya tsara wanda zai biyo baya, sannan ya danna. In harbin ya kuskure, ba ya tuna taran da suka samu, wannan ɗayan ne ke tsaya masa a rai. Zafin da ya ji gaskiya ne. Neman maganin kuwa, wannan aikinka ne, ba nasa ba.

Manyan ma sun sha wannan. A wasu wasannin Fire Emblem, lamba biyu ake jefawa a ɗauki tsakatsakinsu, don haka 90 da kake gani a allo kusan 98 ne a ɓoye. XCOM 2 na 2016 kuma, in ba a mataki mafi wuya kake ba, yakan ƙara maka sa'a a asirce bayan ka yi ta kuskure. Ni dai wadda ta fi kwanta mini ita ce hanyar Into the Breach na 2018: tun kafin ka motsa, ana nuna maka inda abokin gaba zai kai hari, kamar dara, komai a fili yake. In ka sha kashi, ka san kai ka jawo. Kuma mutum biyu ne suka jagoranci aikin, ba wani katafaren kamfani ba.

Kafin ka zaɓa, bar karanta saƙonnin WhatsApp haka. Ɗauki wayar ka je wajen ɗaliban jami'a a Farin Gada, ka miƙa wa wanda bai san ka ba, ka zauna a bayansa ka yi gum. Ko ya rikice kar ka yi masa bayani, duk da na san bakinka ba zai so ba. Rubuta zagayen da ya yi tsaki, da wanda ya ajiye wayar. Awa biyun farko nake so ka fi sa wa ido, don a Steam, shagon sayar da wasanni na intanet, wanda bai kai awa 2 yana wasa ba, zai iya neman a mayar masa da kuɗinsa cikin kwana 14 da saye. Ka kawo mini takardar ranar Asabar mu duba tare.